Giwar da Nomau Bai Sallama Ba

A ƙuryar dajin Marke Bakwai akwai wani tafki da bai taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara, amma shekara arba'in ke nan ko tsuntsu bai tsoma baki a cikinsa ba. Masu neman itace da tsautsayi ya kai su wajen sun ce in rana ta take tsaka, akan ga wata giwa tsaye a bakin ruwan da masu uku a haƙarƙarinta. Ba ta faɗi ba, ba ta motsi, kuma ba ta da inuwa. Duk mutanen Kwarin Gawo sun san wanda ya jawo wannan, sai dai ba mai faɗa a gabansa, don ya tsufa, kuma tsufan ya karɓe shi.

Sunansa Nomau Mai Komo, makaɗin maharba. Komo kuwa shi ne babbar garayar nan mai tsirkiya biyu da ake kaɗa wa masu farauta. Wanda ya ga Nomau yanzu zaune gindin durumi yana watsa wa kaji tsaba, yana ba da haƙuri in an take masa ƙafa, ba zai yarda shi ne na da ba. Da ƙuruciya wuta ne. Ba ya ganin kan kowa da gashi. Ya taɓa fasa wa wani maroƙi ƙwarya a ka don kawai ya yi tari yana tsakiyar kiɗa. Matarsa Tasalla ta sha wuyarsa kamar ta mutu, amma ba ta taɓa yin yaji ba. Maganarta kullum ɗaya ce, tana kaɗin zarenta ba ta ko ɗaga kai: "A hankali, Maigida, ba korarka ake ba."

To, maharba suna da ƙa'ida. Kowace dabba da takenta, kuma in an kashe babban nama, dole makaɗi ya zauna a wajen kansa ya yi masa kiɗan sallama, don kurwarsa ta san hanya ta tafi. Kiɗa ne mai nauyi, mai tsawo, daga tsakar rana har inuwa ta miƙe. Ba a rawa da shi, ba a guɗa, ba mai yi wa makaɗi kyauta.

Wata bazara Nomau ya zauna a bakin tafkin nan ya kaɗa taken giwa. Kiɗan ya yi daɗin da giwar da kanta ta fito daga kurmi tana rangaji, ta zo ta tsaya tana saurare. Maharba suka sakar mata masu. Tana faɗuwa samari suka ɗaga Nomau a kafaɗa, ga labari ya riga ya kai gari, 'yan mata na jira da guɗa. Tsohon nan Sarkin Baka, shugaban maharba, ya riƙo rigarsa ya ce, "Nomau, sallama fa."

Ya ce, "Wannan kiɗan tsofaffi ne, Baba. In kana so ga komo, ka kaɗa."

Ya ja tsirkiya sau uku don ganin ido, ya rataya abinsa ya bi samari. Da aka komo da wuƙaƙe za a yi fiɗa, sai aka tarar da giwa a tsaye. Ba wanda ya tsaya ɗaukar takalminsa. Daga ranar dajin ya yi shiru, nama ya ƙaura, maharban Kwarin Gawo suka koma noman gero.

Shekaru suka yi ta tafiya, suna rage wa Nomau haƙora da zafin kai. A daminar bara zazzaɓi ya kwantar da Tasalla wata guda cur. A cikin watan aka aiko masa daga garuruwa bakwai ya je ya yi kiɗan babban bikin maharba, abin da ya yi shekaru yana mafarki. Ya dubi ɗan aiken, ya dubi matarsa, ya rataye komo a bango ya shiga dama mata kunu. Kunun duk gudaji ne, amma ta sha, ta kuma warke.

Da bazara ta zagayo, ran nan ya dawo daga sallar azahar ya yi sallama, shiru. Ga tabarmarta a shimfiɗe, ga takalmanta. Mazarinta na tsaye shi kaɗai a ƙasa yana juyawa, zaren ya miƙe ya fita ta ƙofar gida ya nufi daji. A tsakiyar tsakar gida kuwa ga sawun giwa guda ɗaya tak, cike da ruwa.

Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi, amma bai yi kururuwa ba. Ya sauko da komo, ya kakkaɓe masa ƙura, ya ɗauki mazarin, ya bi zare yana naɗewa.

Ya wuce gonaki, ya wuce marken nan bakwai, har zare ya kai shi ga wata kuka mai ƙaton kogo ya shige ciki. A bakin kogon wata tsohuwar kura ce kwance, gashinta ya yi fari fat.

Ta ce, "Tsaya nan, ɗan Adam. Ba a shiga ƙasar Makiyayin Dawa sai an biya mai gadi, ni kuwa ba na karɓar kome sai takena. In ka manta shi, ƙashinka ya ishe ni."

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, yatsun sun tsufa, amma zan gwada."

Ya kaɗa taken kura, mai ɗingishi, mai dariya a ƙarshe. Kura ta lumshe ido tana kaɗa jela. Da ya gama ta ce, "Na san hannun nan. Uwata ta ba ni labarinsa, ta ce kamar ƙanƙara yake zuba. Yanzu ya koma yayyafi. Shige, amma na tausaya maka."

Ya sunkuya ya shiga kogo, ya fito ta ɗaya gefen cikin wata ƙasa da ranarta ke tsaye a tsaka ba ta gusawa. Sarƙaƙƙiya ce iyakar ganin ido, kuma a kan kowace ƙaya akwai wani abu rataye kamar ɗigon ƙaro. Kafaɗarsa ta gogi ɗaya ya fashe, sai kukan kurciya ya fito ya ɓace. Ya taɓa wani, sai gurnanin zaki daga nesa. Ashe duk muryoyin da dajin ya rasa shekara arba'in a nan aka rataye su. Ya riƙa ratsawa a karkace, ƙaya na yagar rigarsa da fatarsa, yana kaffa-kaffa kada ya fasa na wani. Duk da haka gwiwar hannunsa ta taɓa wani ƙarami a ƙasa-ƙasa, sai ya ji kukan ɗan giwa yana neman uwarsa. Nan ya tsaya, hawaye ya zubo masa, don bai taɓa sanin tana da ɗa ba.

Bayan sarƙaƙƙiyar zare ya bi ta gefen wata rijiya mai ruwa har baki. Wata mace ce zaune a kan gaɓar, kyakkyawa, sai dai idanunta irin na akuya ne.

Ta ce, "Sannu da hanya, makaɗi. Gasa ce ke jiranka a gaba, kuma da waɗannan busassun yatsu ba ka kai labari. Ruwan nan na ƙuruciya ne. Wanke hannunka, ya koma yadda yake ranar da aka ɗaga ka a kafaɗa."

Nomau ya leƙa. A cikin ruwan ya ga fuskarsa ta da, baƙin gemu, wuya kamar na ɗan maraƙi. Gaskiya ɗaya ce, ya yi kwaɗayi. Tsoho ma mutum ne. Ya miƙa hannu, babban yatsansa na dama ya taɓa ruwa, nan take tamojin ya washe, yatsan ya cika ya yi sumul. Tare da shi kuwa wani tsohon abu ya motsa a ƙirjinsa, har ya ji yana cewa a ransa, wace ce ma wannan da za ta kira yatsuna busassu? Jin haka ya fizge hannunsa kamar ya taɓa garwashi.

Ya ce, "Na gode, Uwar Rijiya. Na san mai wannan hannu, ban kuwa ji daɗin zama da shi ba."

Ta yi dariya ta ce, "Ai ka riga ka ɗauki guzuri. Sauka lafiya."

Ya ci gaba, yatsan nan na ta zillo shi kaɗai a kan mazari. Tun kafin ya ga tafkin ya fara jin kiɗa, taken giwa ne, da sauri, da gwaninta, irin wanda mutum ɗaya ne tak ya taɓa iya shi.

Ga tafki, ga giwa tsaye da masunta uku. Kewaye da ruwan dabbobi ne ba iyaka, ɓauna da gwanki da barewa, zaki kusa da gada, damisa kusa da zomo, duk sun rame, leɓunansu sun tsattsage, suna kallon ruwa ba mai sha. A gaban giwar wani saurayi na zaune yana kaɗa komo yana murmushi. A gefe kuma, a gindin wani gawo, ga Tasalla zaune da sauran audugarta a hannu, ƙarshen zaren na tsakanin yatsunta. Ta dube shi, bakinta ya motsa, murya ba ta fito ba.

Wani dogon mutum ya taso daga cikin garken. Tsawonsa ya kai giginya, da sandar kiwo a kafaɗa, ƙafafunsa kofato ne.

Ya ce, "Ya kai Nomau ɗan Adam, ni ne Makiyayin Dawa. Ka kira dabbata da sunanta ta amsa, ka sa aka kashe ta, ban ce kome ba, don tsakaninmu da maharba akwai alkawari. Amma ka kira ba ka sallama ba. Wancan da kake gani kurwar ƙuruciyarka ce, da ka bari a nan ranar. Shekara arba'in yana kira, giwar kuwa ba ta da ikon tafiya, garkena kuma ba ya shan ruwa a gaban gawar da ba a sallama ba."

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ban musa ba. Amma me wannan baiwar Allah ta yi? Kuma me ya sa sai yanzu?"

Makiyayi ya ce, "Dokarmu ce mu ɗauki abin da mai laifi ya fi so fiye da kansa. Na leƙa gidanka a shekarar, ban sami abin ɗauka ba. Na koma bayan shekara goma, na tarar kai kaɗai ne a zuciyarka. Na koma bayan ashirin, bayan talatin. Sai bara na ga ka rataye komo kana dama kunu, na ce to, yanzu ya yi abin da za a karɓa."

Nomau ya kasa duban inda Tasalla take, don ya san ta ji. Kunya ta rufe shi har ya so ƙasa ta tsage.

Makiyayi ya ce, "Ga sharaɗi. Zan saki rana ta yi tafiyarta. Za ka yi kiɗan sallama har inuwar gawon nan ta taɓa ruwa. In ka kai, ka tafi da matarka. Duk sa'ad da ka yi gaggawa kuwa, za ta matso kusa da zama barewa, in ka yi sau uku ta shiga garkena har abada."

Ya buga sandarsa a ƙasa, rana ta motsa. Nomau ya zauna a wajen kan giwa, ya ajiye mazari a gefensa, ya gyara tsirkiya ya fara. Kiɗan sallama bugu ɗaya ne, sai a jira sautin ya mutu ƙurmus, a ja numfashi, sannan a sake wani. Abin da ya sa samari ba sa son sa ke nan.

Saurayin ya juyo ya dube shi sama da ƙasa, bai daina kiɗansa ba, ya ce, "Kai tsoho, wa ya mutu kake wannan jan jiki? Komo ne a hannunka ko turmi? Ba ni wuri, ka ji yadda maza ke yi."

Ya zuba wani salo, wanda Nomau da kansa ya ƙirƙira yana ɗan shekara ashirin. Kafin Nomau ya ankara babban yatsansa ya amsa, ya yi bugu huɗu a jere. Dabbobi suka yi wani irin nishi gaba ɗaya. Ya waiwaya, ƙafafun Tasalla sun zama kofato har idon sawu.

Ya cije leɓe ya koma bugu ɗai-ɗai. Inuwa ta ɗan ja jiki, kamar taki uku. Gumi na zuba masa a ido. Saurayin ya matso har gwiwarsu na gogar juna, ya rage murya ya ce, "Na gane ka. An ce garuruwa bakwai sun aiko ka ƙi zuwa. Ka ce wai don mace ne. Ƙarya kake, tsoro ka ji. Ka san hannun ya mutu, ka ɓuya a bayan tukunyar kunu."

Wannan ta shige shi, don akwai ranakun da shi ma ya tambayi kansa haka. Zuciya ta taso masa, yatsan ya ƙwace ya yi gudu a kan tsirkiya, gudu mai kyau kuwa, har saurayin ya ɗaga gira. Da Nomau ya farga ya danne tsirkiyar da tafin hannu, jan gashi ya riga ya rufe ƙafafun Tasalla har gwiwa, kunnuwanta sun fara tsawo. Saura ɗaya.

Ya dube ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta harare shi ba. Ta ɗaga hannun da ke riƙe da audugar, ta ɗan ja zaren, mazarin da ke gefensa ya motsa. Bakinta ya yi maganar nan da ya ji sau dubu, ko da ba murya ya karanta ta.

A tsakanin bugu da bugu akwai lokaci, wannan ne alherin kiɗan sallama. Ya yi bugu ɗaya, kafin sautin ya mutu ya warware zare daga mazari, ya lanƙwashe babban yatsan cikin tafin hannu ya naɗe. Ya sake bugu, ya ƙara naɗi, yana ja da haƙoran da suka rage masa. Yatsan na fizga kamar kifi a ƙugiya, zare na shiga nama, har ya daina motsi. Sannan ya ci gaba da tsofaffin yatsunsa huɗu, masu rawa, waɗanda ko an ce su yi sauri ba za su iya ba.

Saurayin ya yi zagi, ya yi kirari, ya kawo salo bakwai. Nomau bai ƙara jin haushinsa ba, tausayi ma ya ba shi. Ya mai da idonsa ga giwar, yana bugu yana yi mata magana a hankali: "Ki yi haƙuri, mai karya ƙirya. Na kira ki kin zo, ban raka ki ba. Ban san kina da ɗa ba. Tafi, hanya ta buɗe."

Inuwa ta yi ta rarrafe a kan busasshen laka. Da bakin inuwar ya taɓa ruwa, giwar ta saki wani dogon numfashi da ya kwantar da ciyawa. Masun nan uku suka zube. Ta durƙusa da ƙafafun gaba, ta miƙo hannunta ta shafi kan Nomau, sannan ta miƙe ta shiga tafkin, ruwa ya rufe ta ko kumfa babu. Can baya aka ji sarƙaƙƙiya ta ɗauki ƙara, muryoyi na fashewa suna komawa ga masu su. Wani tsohon toron giwa ya fara matsowa ya sa hannu a ruwa, sannan garke duka ya sunkuya yana sha.

Komon saurayin ya yi shiru. Ya duba hagu da dama kamar wanda aka tasa daga barci, ya ce, "Baba, ina masu yi mini guɗa?"

Nomau ya ce, "Sun tsufa, ɗana. Yawancinsu ma sun riga mu gidan gaskiya."

Saurayin ya miƙe. Sannan ya rataya komonsa, ya bi sawun giwar cikin ruwa, bai waiwayo ba.

Makiyayi ya ce, "Ka cika, ɗan Adam. Ɗauki matarka ku koma ta hanyar da ka biyo, kada la'asar ta wuce muku a nan."

Tasalla ta miƙe a kan ƙafafunta na mutane. Suka ratsa ta gefen rijiya, ba kowa. Suka wuce ƙayoyi, kurciyoyi na kuka a kansu. Kura ta janye ƙafa ta ba su hanya. Sai da suka fito gonakin Kwarin Gawo ta kama hannunsa ta warware zaren. Yatsan ya yi baƙi ya ƙandare, kuma bai ƙara motsi ba har ƙarshen ransa, komo kuwa ya koma bango ya zauna. Tana warwarewa tana hawaye.

Ya ce, "Ai ba ya ciwo, Tasalla."

Ta ce, "Ba yatsan nake wa kuka ba. Yaron nan ne da ya shiga ruwa. Shi fa na aura, Maigida. Shi na gani a fage na ce in ba shi ba sai rijiya."

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Kin kuma ji abin da Makiyayi ya faɗa. Shekara talatin da tara ana leƙowa."

Ta ce, "Wannan ai ba labari ya ba ni ba, ina cikin gidan." Ta share ido da bakin mayafi, ta karɓi mazarinta ta soke a ɗaurin zane. "Amma da wancan ne na bari a gida yau, da yanzu ina cin ciyawa. Mu je, ban ɗora tuwo ba."

Ya yi gaba da saurinsa na tsofaffi don ya buɗe mata ƙofa. Ta bi shi a baya tana cewa ya yi a hankali, ba korarsa ake ba.